Zagayen Marmara: Kundin Hanyar Keke a Kudancin Sakkwato

Lahadi, 6 ga Oktoba, 2024

Aikin da na ɗaura wa niyya shi ne fitar da hanyar keke ta zagaye a kudancin birnin Sakkwato, cikin ƙasar da ke tsakanin titin Gusau da titin Birnin Kebbi. Tsawon da nake nema kilomita 60 zuwa 70 ne, a tashi daga bakin gari a dawo bakin gari, ba a taka kwalta ba sai inda ya zama dole. Sharuɗɗa uku na gindaya: a sami hawa da gangara na gaske, a sami inuwar itace, sannan ta zama hanyar da uba zai yarda ɗansa ya bi. Wa'adi kuwa azumi ne ya yanka shi, don ana sa ran kamawarsa farkon Maris, daga nan kuma zafin bazara zai hana kowa doguwar tafiya.

Yau aka kammala gasar duniya ta tseren keke a kan tsakuwa a Beljiyam, na bi ta a waya. Daga Halle aka tashi, aka ƙare a Leuven, hanyar ta ratsa dazuzzukan Brabant. Mathieu van der Poel ya lashe ta maza, jiya kuma Marianne Vos ta lashe ta mata, dukansu 'yan Holan. Gasar ba ta daɗe ba, a 2022 aka fara ta a yankin Veneto na Italiya. Amurkawa sun riga: tun 2006 ake tseren mil 200, kusan kilomita 320 ke nan, a tuddan Flint da ke kewayen garin Emporia a jihar Kansas, wanda yanzu ake kira Unbound. Kenya ma tana da nata a ƙasar Masai tun 2021. Abin da ya haɗa su duka shi ne gudun kwalta da motocinta, da neman hanyar ƙasa mai hawa da sauka. Mu kuwa irin wannan hanya ita ce mafi yawan abin da muke da shi, amma ban san wanda ya taɓa zama ya auna ta don mai keke ba.

Manyan tsaunuka da kurmi suna inda Allah ya ajiye su. Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, Mambila wajen 1,600, Sakkwato kuwa wajen 300, daminarmu ta wata huɗu ce. Ba zan je neman Mambila a Dange ba. Abin da ke akwai zan haɗa: tuddan marmara masu shimfiɗaɗɗen kai, kwazazzabai, gonaki masu gawo, lambunan mangwaro na bakin fadama, da layukan dogon yaro.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Keke ya samu. Irin waɗanda ake wancan tsere da su masu lanƙwasasshen kai ne, tayarsu milimita 38 zuwa 50, kuma kuɗin guda ya fi na sabon babur. Ni wajen masu kekunan gwanjo na nufa, na zaɓi tsohon keken hawan dutse, ƙafa inci 26, giya uku gaba bakwai baya. Da gangan na ɗauki na ƙarfe na bar na alminiyam, don in ya tsage a ƙauye duk mai walda zai kama shi. Taya inci 2 kuwa milimita 50 ce, ta yi daidai da mafi faɗin tasu.

Makanikin unguwarmu dattijo ne, tun zamanin Raleigh da Phoenix yake sana'ar. Ya kwance keken kaf, ya zuba boris ɗin ƙafar baya a tafin hannunsa ya miƙo mini: duk sun yi ja da tsatsa, wasu sun ɓare. Ya ce, “Malam, wanga keke ya sha iskan teku kahin shi iso gare mu.” Ya canza su, ya cika da giris, ya sa sabuwar wayar birki da robobinta.

Keke ₦95,000. Gyara da kayansa ₦11,500. Taya biyu ₦19,000. Tub uku ₦9,000. Hular kwano ta gwanjo ₦8,000. Ƙaramin famfo ₦5,500. Jimla ₦148,000.

Asabar, 12 ga Oktoba

Fita ta farko, ni da ɗan 'yar'uwata, wanda ke karatu a jami'a kuma yana da nasa keken. Bayan sallar asuba muka bi titin Gusau, muka wuce Kwannawa, muka saki kwalta muka shiga hanyar amalanke ta cikin gonaki. An yanke gero, dawa na tsaye da kanta, wake ya rufe ƙasa. Ba mu yi nisa ba ƙaya ta karɓe mu.

Tsidau ne babban mai laifi. Ganyensa ya kwanta a ƙasa ba ya ɗaukar ido, furensa rawaya ɗan ƙarami, amma ɗansa idan ya bushe sai ya rabe gida biyar, kowane da ƙaho biyu masu tsini, kuma duk yadda ya faɗi ɗaya na kallon sama. Yanzu ne lokacinsa, ruwa ya ɗauke, ya bushe, dabbobi sun watsa shi a kan turba. Na tsaya na juya tayar gaba a hankali, ga su jere a jikinta sun kafe. Idan ka cire guda sai ka ji siririn sautin iska. Na biyu kuma ƙayar shinge ce: manomi ya sari reshen magarya ko aduwa ya ja shi a ƙasa zuwa gonarsa, duk inda ya bi ya bar tsini. Ƙayar aduwa ta kai tsawon ɗan yatsa, ta huda tayar yaron daga gefe ta fito.

Tub ɗin safaya suka ƙare, faci ya ƙare, sholisho ya bushe a bakin kwalbar. Yaron ya ce, “Kawu, mu koma tun rana ba ta yi ba.” Turawa muka yi har kwalta. Abin da na ɗauka daga yau: tsakiyar hanyar amalanke, inda jaki ke takawa, ta fi gefenta tsabta nesa ba kusa ba, kuma bakin garke da gindin rijiya su ne matattarar tsidau. Ba za a ƙara auna ko kilomita ɗaya ba sai an warware maganar taya.

Talata, 15 ga Oktoba

Yawancin masu tseren waje ba sa sa tub. Suna liƙe bakin rim, su zuba wani farin ruwa mai danƙo a cikin tayar, da ƙaya ta huda sai iska ta tura ruwan cikin kafar ya daskare. Rim ɗin kekena ba irin wannan ba ne. Amma bawul ɗin tub ɗina irin na mota ne, ana kwance ɗan cikinsa, don haka muka ɗura ruwan a cikin tub ɗin kai tsaye. A wajen masu kayan babur na samo shi.

Dattijo ya ƙara da tasa dabarar ta dā. Ya ɗauko tsofaffin tayoyin da suka zo da keken, ya yanke musu baki biyu da aska, ya bar tsakiyar, ya goge gefen da takardar yashi don kada ya ci tub, ya shimfiɗa a cikin sababbin. Keken ya ƙara nauyi, ana ji wajen tashi. Na yarda da cinikin.

Ruwan liƙi ₦6,500, aiki ₦1,500.

Asabar, 19 ga Oktoba

Hanyar makon jiya muka maimaita. Tsidau ya kama taya, iska ba ta sauka ba. An auna kilomita 17 na farko, an ajiye a manhajar taswira ta OsmAnd, wadda ke aiki ko babu sabis.

Asabar, 26 ga Oktoba

Yau muka kai tuddan wajen Dange, kuma nan ne zuciyar wannan zagaye. Wanda ya saba wucewa a mota ba zai ɗauke su da muhimmanci ba, don daga taga ba su da tsawo. A kan keke magana daban ce. Waya ta nuna mini hawan da ya fi tsanani mita 40 ne a cikin tazarar rabin kilomita, wato kashi 8 cikin 100, kuma ƙarshensa ya fi haka miƙewa.

Siffarsu tana da dalili. Kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce ruwan teku ya malalo ya rufe wannan yanki, ya bar laka da farar ƙasa hawa-hawa. Masana ilimin ƙasa da sunayen garuruwanmu suka raɗa wa hawan: na Dange da na Kalambaina. Farin dutsen Kalambaina shi ake toyawa a yi siminti. Daga baya marmara mai ƙarfe ta daskare a sama ta zama murfi. Ruwan damina ya kasa cin murfin, sai ya ci lakar da ke ƙarƙashi da gefe, shi ya sa kan tudun a shimfiɗe yake, gefensa kuma gajere ne a miƙe. A jikin wani kwazazzabo da ruwan bana ya ƙara yagewa, yaron ya tono wani farin dutse da siffar ƙwanson dodon koɗi a jikinsa, layi-layi, ba ta goge ba. Ya daɗe yana juya shi a hannu.

Matsala ta fito a giya. Mafi sauƙinta haƙori 28 gaba 28 baya, kowane juyin feda keke ya yi kusan mita 2.1. A kan tsakuwa hakan ya yi nauyi, in kuma ka miƙe tsaye don ƙara ƙarfi sai tayar baya ta yi ta zamewa. Dole a zauna a sirdi, a duƙo gaba kaɗan, a riƙa juya ƙafa ba fizga. Zan sa firwil, wato faifan haƙoran giyar baya, mai haƙori 34, ya sauko da juyin zuwa mita 1.7.

Gangara ta fi hawa haɗari. Tsakuwar marmara ƙanana ce mulmulalliya, tana mirginawa a ƙarƙashin taya. Yaron ya damƙe birkin gaba a kwana, keken ya zame, ya kuje gwiwar hannu da cinya. Hular kwano ta bugi ƙasa, ta yi aikinta. Mun wanke ciwon da ruwan gora, muka dawo a hankali. Ƙa'idar da zan rubuta wa duk mai bin wannan hanya: a rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba, a ja jiki baya, a sassauta hannu.

Firwil ₦8,000, sabuwar kaca ₦5,500.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Wannan ita ce rana mafi nauyi tun da aka fara.

Muna neman hanyar da za ta haɗa tuddan gabas da ɓangaren yamma. Na tsaya a wata mararraba kusa da wani ƙauye ina duba taswira a waya, yaron yana ɗaukar hoton wata kuka don ta zama alama. Sai ga babura biyu, samari huɗu 'yan banga, da adduna da bindigar toka. Ba su yi mana ihu ba, amma fuska ba walwala. Babbansu ya ce mu ba da wayoyin. Ya ga jan layin da ya bi ta bayan garinsu, ya ga wuraren da na sa alama: rijiya, mashaya, mararraba. Ya dube ni ya ce, “Wa ya aiko ku?”

Sai da na kalli taswirar da idonsa na gane abin da yake gani. Mutanen da suke kwana da ido ɗaya saboda ɓarayin daji, waɗanda suka san kafin a afka wa gari sai an turo mai leƙen hanya, ga baƙi biyu da hular kwano suna rubuta mashiga da mafita. Suna da gaskiya, kuma da ni ne a wurinsu abin da zan yi ke nan.

Suka rako mu ƙofar mai gari, muna tura kekuna, yara na biye. Dattijo ne mai furfura, yana zaune a kan buzu a zaure. Muka tuɓe takalma muka durƙusa. Na ce, “Ranka shi daɗe.” Ya amsa, ya ce, “Ɗana, mi kuka biɗa cikin wanga daji?” Na faɗi sunana da na mahaifina da unguwarmu da wurin aikina, na miƙa katin shaida, na bayyana aikin dalla-dalla. Ya sa aka kira wani ɗan garin da ke zaune a birni, aka yi sa'a ya san gidanmu. Daga nan iska ta sauya. Aka kawo ruwa a kwanon sha, aka dama fura da nono.

Abin da ya faɗa na rubuta shi tun a zauren. Ya ce, “Da, baƙo shi kan wuce ba mai ce mai ƙala. Yanzu lokaci ya canza. In za ku biyo, ku aiko tun jajibiri, mu hwaɗa ma yara. Kuma hanyar da kunka rubuta, kada ku ba wanda ba ku sani ba.” Sannan ya kira wani makiyayi ya ce ya nuna mana burtalin da ke bi ta kan fako, wanda ba ya cikin kowace taswira. Ya fi hanyar da nake nema kyau: ƙasa mai tauri, ba rairayi, geza da sabara hagu da dama. Da muka yi ban kwana ya ce, “Matambayi ba ya ɓata.”

Tsarin aikin ya canza daga yau. Ba za a shiga ƙasar kowane gari da waya a hannu ba sai an fara zuwa gaisuwa. Da niyyata in ɗora hanyar a intanet kowa ya sauke. Na janye wannan.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na ɗauki hutun yini na zaga a babur, na gaida masu garin ƙauyukan da hanyar za ta ratsa, da goro da sukari. Duk sun karɓe ni, sai wuri ɗaya da aka ce in bar gefen kudu gaba ɗaya a wannan lokaci. Ban nemi ƙarin bayani ba, na goge wannan reshe daga tsarin. ₦6,000, ban da mai.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Maganar daji. Sharaɗina na biyu inuwa ce, kuma shi ya fi wuya. Dazuzzukan da suka amsa sunansu a jihar nan, irin su Gundumi a gabas, ba wurin da mai hankali zai kai ɗan 'yar'uwarsa a keke ba ne yanzu. Na daɗe ina son in kai Surame, birnin Kanta na ƙarni na 16, in ga ganuwar dutsen nan cikin itatuwa, amma shi ma na ajiye shi sai Allah ya kawo sauƙi. Wannan yana ci mini rai. Yaran da ke tasowa sun san daji a matsayin abin tsoro kawai, ba su san shi wurin tsinkar magarya da kanya ba.

Don haka inuwar zagayen nan tsintarta ake yi guntu-guntu, kuma ɓangaren yamma, wajen Sifawa da Boɗinga, ya fi ba da ita. Ƙasa ce mai tarihi: Shehu Usmanu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Hanyoyin da ke tsakanin garuruwan tsofaffi ne, ƙafa ta daɗe tana taka su, shi ya sa suke bin inda ruwa ba ya kwanciya.

Itace uku ke riƙe da mai keke a nan. Dogon yaro, baƙo daga Indiya da aka kawo zamanin Turawa, shi ke jere a mashigar kusan kowane gari, inuwarsa ba ta yankewa. Mangwaro na bakin fadama, inda yanzu ake dashen albasa, injinan ban ruwa na ta ƙara. Sai gawo, wanda ni a wurina shi ne sarkinsu: yana kaɗe ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya tofo sabon ganye da kaka, ya riƙe shi duk rani. Yau muka ratsa wani fili mai tsawon kusan kilomita 3 da gawo ya cika, manya-manya, ganye shar, tumaki na kwance a gindi. Ba kurmi ba ne, tsakanin itace da itace akwai tazara, amma kafin rana ta dake ka ka shiga wata inuwar. Wannan yanki zan sa shi ya faɗo daidai hantsi a tsarin tafiyar.

Bayansa akwai burji mai tsawo da manyan motoci suka mayar tudu-tudu kamar kwanon rufi. Na rage iskar taya daga 40 zuwa 30 a ma'auni, girgizar ta ragu sosai. Ƙasa da haka akwai haɗari, dutse zai matse tub da rim ya yi huda biyu a jere.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Hazo ya sauko, ƙura ta yi yawa. Duk man da aka ɗiga wa kaca sai ya haɗu da ƙura ya zama baƙin kwaɓi mai cin haƙori. Na gwada dabarar kakin kyandir. Na cire kacar, na jijjiga ta cikin kananzir a gora har ruwan ya daina baƙi, na wanke da sabulu, na shanya a rana ta bushe ƙayau. Na narka fararen kyandir a gwangwanin madara da na ɗora cikin tukunyar ruwan zafi, ba kan wuta kai tsaye ba, don kaki na kamawa. Da na tsoma kacar sai ƙananan kumfa suka riƙa tasowa daga gaɓoɓinta, iska ce ke fita kaki na shiga. Da suka tsaya na tsamo da waya na rataye. Ta sandare, sai da na lanƙwasa gaɓa-gaɓa da hannu kafin ta shiga. Yanzu ana shafa ta da yatsa ba ya baƙi. A damina wannan ba zai yi ba, ruwa na wanke shi, amma rani namu ne.

Kyandir da kananzir ₦3,000.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Asara biyu a rana ɗaya.

Akwai wani ɗan kurmin bagaruwa da kalgo a bakin wani rafi da ya ƙafe, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba, amma shi ne wuri guda a duk zagayen da rassa suka haɗe a sama. Nan na sa wurin hutawa na biyu. Yau muka iske fiye da rabinsa a ƙasa. Kututturai jajaye, sara sabo, an jera itacen a ɗaure, ga sawun raƙumi da na amalanke. Na tambayi wani tsoho da ke kakkaɓe wake a kusa. Ya ce, “Birni aka kai su, Malam. Ku ka saye.” Ban sami abin cewa ba, don gaskiya ya faɗa: tsadar gas da kananzir ta mayar da gidaje da yawa kan itace da gawayi, kuma wanda ya sara da kuɗin zai sayi hatsi. Bagaruwa ba itacen banza ba ce, da 'ya'yanta majema ke jeme fatar jar akuyar da ta kai sunan Sakkwato ƙasashen waje. Wasu kututturan za su tofo idan awaki sun bari. Inuwar dai ta tafi na shekaru.

A hanyar dawowa karan dawa ya shige tsakanin kaca da abin canza giya na baya, ya murɗe shi ya cusa cikin ƙafa. Ya karye biyu. An gama girbi, kara ya cika turba, kuma abin yana rataye ƙasa-ƙasa. Muka tura zuwa wani ƙauye, mai facin babur ya ɗora gaɓar kacar a kan noti, ya fitar da ƙusarta da ƙusa da guduma, ya rage tsawonta, ya ɗaura ta a giyar tsakiya. Da giya ɗaya na iso gida, hawa biyu na ƙarshe da ƙafa.

Mai faci ₦500. Sabon abin canza giya ₦9,500. Abin yanke kaca, wanda daga yanzu yana cikin jaka, ₦2,500.

Asabar, 7 ga Disamba

Ba fita. Hazo ya rufe gari, ba a hangen ƙarshen layi, yaron kuma yana tari. Na zauna na haɗa guntayen taswira wuri guda, na kira masu gari na sanar da su Asabar mai zuwa.

Asabar, 14 ga Disamba

An rufe zagayen daga farko har ƙarshe, alhamdu lillahi. Da gari ya waye muka tashi, da rigar sanyi da rawani a hanci, muka dawo ana kiran azahar. Kilomita 64: burji 27, hanyar amalanke da burtali 24, fako da kan marmara 9, kwalta 4. Jimlar hawa mita 380 a lissafin waya. Inda ake cikin inuwa ko kusa da ita bai wuce kilomita 11 ba, kuma na so ya fi haka.

Gabas muka fara, don a gama da tuddai da sanyin safiya kafin iskar arewa maso gabas ta taso. Da ta taso kuwa ta riƙa tura mu a burtali har ɓangaren yamma na zagayen, sai a kilomita 12 na ƙarshe ta dawo fuska. Sabuwar giya ta hau duk tuddan ba sauka. A kan mafi tsawonsu muka tsaya, hazo ya ɗan yaye, ana hangen rumbuna da garken shanu a ƙasa.

A mararrabar da aka tare mu, saurayin nan babban 'yan banga yana tsaye yana jiranmu. Ya karɓi kekena ya zaga fili da shi, ya tambayi kuɗinsa, ya ce ƙanensa na son ya biyo mu wata rana.

Ruwa lita uku kowa bai isa ba, mun ƙara a rijiyar burtsatse ta wani gari. A gora ɗaya na haɗa sukari ƙaramin cokali shida da gishiri rabin ƙaramin cokali a lita guda, ya hana ciwon kai. Dabino, ƙuli-ƙuli da fura suka riƙe mu. Wurin da har yanzu bai yi ba shi ne rairayin da ke kusa da kilomita na 41: kusan kilomita ɗaya da rabi ana tura keke, ƙafa na nutsewa, ga ƙarangiya ta cika safa.

Talata, 17 ga Disamba

Abin da aka kashe zuwa yau ₦191,000, ban da man babur da abinci.

Asabar mai zuwa zan koma kilomita na 41 ni kaɗai da makiyayin nan, ya ce akwai turba ta arewa da ke kauce wa rairayin, sai dai tana ƙara tazara. Idan ta yi, ita za ta shiga. Bayan haka alama: farin fenti a jikin duwatsu a mararrabu, ba a jikin itace ba, kuma sai kowane mai gari ya amince da tasa. Taswirar za ta tsaya a hannun waɗanda na sani ido da ido, kamar yadda aka yi alkawari a zaure. A Janairu ina so mu fita mu biyar ko shida, har da ƙanen saurayin, dattijon makaniki ya yarda zai duba keken kowa kafin ranar.

Na kuma je gidan rainon itace na tambayi kuɗin dashen bagaruwa da dogon yaro. Dashen ba shi da tsada, kwandon kariya daga awaki da mai ba shi ruwa a ranin farko su ne kuɗin. Mai garin da ke da bakin rafin ya ce in dawo bayan salla ƙarama a zauna da masu gonakin gefen, a ga ko za a dasa a Yuli idan ruwa ya zauna. Kafin nan zan nemi farashin kwando a wurin masu saƙa.